Wasan sandan mutanen Filifin zai iya sauke min tumbi kuwa?

Tela_TudunWada ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tela ne a Tudun Wada, shekarata 46, shekara 22 ke nan ina kan keke. Wanda ya san sana'armu ya san yadda take, tun hantsi kana zaune har isha'i, in sallah ta matso kuwa a shagon ake kwana. Ranar nan na ɗauki tef ɗin da nake auna mutane na zagaya ƙuguna da shi, sai ga inci 43. Lokacin da na yi aure 32 nake yanka wa kaina wando. Satin da ya wuce kuma ciwon kai ya kai ni asibiti, aka ce jinina ya fara hawa. Likita bai ɗora ni a kan magani ba tukuna, ya ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki, in koma bayan wata 3.

Na gwada gudu. Kwana 4 na yi ina zuwa Ƙofar Doka in dawo bayan asuba, a na biyar gwiwar dama ta ce ba da ita ba. Gidan ɗaga ƙarfe kuwa, ban da kuɗin wata, ni dai ba zan iya tsayawa cikin yaran da nake ɗinka wa kayan sallah ina haki ba.

To yarona na shago ne ya nuna min wani bidiyo a YouTube. Wasu dattawa biyu ne, ɗayan ma ya girme ni nesa ba kusa ba, kowa riƙe da gajerun sanduna biyu suna haɗa su ƙas-ƙas-ƙas cikin sauri, babu wanda ya taɓa wani, zufa na zubo musu. Ya ce sunan wasan arnis, a wani wurin kuma an rubuta eskrima, wani wurin kali. Na yi ta kallo har cajin wayar ya ƙare, ɗinkin wata hajiya ya kwana.

Abin da nake son sani, wannan wasa zai sauke tumbi da gaske, ko hannu kawai yake wahalarwa? Wace irin sanda zan nema a nan Zariya? Kuma mutum zai iya koya shi kaɗai daga waya? Ba faɗa nake son koya ba, ni ko a makarantar allo ni ake zanewa.

Direban_Jidda ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Tambayarka ta tuno min da baya. Na yi shekara 9 ina tuƙi a wani kamfanin gine-gine a Jidda, ɗakinmu ɗaya da wani mai walda ɗan tsibirin Sebu na ƙasar Filifin, shi ya koya min ɗan abin da na sani, kullum bayan la'asar ɗin Juma'a a bayan masaukinmu. Ni ba malami ba ne, amma na riƙe sandar shekara 5, yanzu ma da na dawo Kwangila ina taɓawa.

Sunayen nan uku duk abu guda ne, bambancin yanki ne da gidan da ka koya. Mutanen Sebu sun fi cewa eskrima, kalmar kuwa daga Sifaniyanci ta fito, ma'anarta wasan takobi, don Sifaniyawa sun mulki ƙasar fiye da shekara 300. Wannan ya kamata ka fara riƙewa: sandar a madadin adda ko takobi take. Shi ya sa ba a kai duka kamar mai kakkaɓe katifa, yanka ake yi, a ja sandar ta ratsa ta wuce.

Sandarsu ta ratan ce, wato irin icen nan mai yaɗo da ake yin kwagiri da kujerun saƙa da shi. Tsawonta wajen inci 28, kai da tef ba sai an yi maka bayani ba. Ba ta da nauyi, kuma in ta tsufa zare-zare take yi maimakon ta fashe ta watso maka tsinke a ido. Ka tambayi masu saƙa kujeru, daga dazukan kudu ake kawo musu irinta, ka ce a zaɓo maka miƙaƙƙiya mai kaurin babban yatsa ko ta ɗara kaɗan. In ba ka samu ba ka fara da fayif ɗin roba na ruwa. Abin da zan hana ka shi ne ƙotar gatari ko taɓarya. Akwai wani baƙin ice mai nauyi da suke kira kamagong, abokin nan nawa yana da guda, sai da na shekara 2 kafin ya bari na juya ta, ya ce sabon shiga da sanda mai nauyi wuyan hannunsa yake kashewa.

Abin da ka gani a bidiyo sunansa sinawali. Sunan daga sawali ne, wata saƙar gora da suke yin bangon ɗaki da ita, kamar dai zanarmu, don hannayen shiga juna suke kamar ana saƙa. Wanda aka fi farawa da shi ƙidaya 6 ne. Sandar dama a kan kafaɗar dama, ta hagu a ƙarƙashin hammatar dama. Dama ta sara ta wuce, hagu ta fito daga hammata ta sara, dama ta dawo da bayan hannu ta shige hammatar hagu. Uku ke nan, sai ka maimaita ta ɗaya gefen. A rubuce kamar wasa. Ranar farko sai da na ƙwale kaina a kunne har sau 3.

Yanzu maganar tumbi, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. In ka dasa ƙafa wuri guda kana juya hannu, kafaɗa ce kawai za ta yi tsami. Aikin a ƙafa yake. Abokina alli yake ɗauka ya zana alwatika a ƙasa, kowane gefe kamar taku ɗaya, ya ce kowane sara da takunsa: ka taka kusurwar dama ka sara, ka dawo, ka taka ta hagu ka sara, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙugu na juyawa tare da sandar. Wata na farko ma rabin lokacin ba sanda a hannuna, taku kawai. Da na yi ƙorafi sai ya ce wanda ba shi da ƙafa ba shi da eskrima. Minti 3 na sara da taku tare, wallahi sai ka nemi bango ka jingina.

Akwai kuma kusurwoyin sara, gidaje da yawa 12 suke ƙirgawa, amma kowane gida da jerinsa, na Doce Pares da aka kafa a Sebu a 1932 daban, na Balintawak daban, na Remy Presas mai Modern Arnis daban. Don haka in za ka koya daga waya ka zaɓi malami ɗaya ka bi shi, kar ka yi ta tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan, lambobin za su rikice maka. Kai kaɗai za ka iya koyon sara da taku, ka rataye tsohuwar taya a bishiya ta zama abokiyar dukanka. Tazara da lokacin karewa kam sai da mutum a gabanka. In kana so ka zo Kwangila wata Asabar da safe in duba maka riƙo.

Jikan_Ardo ya amsa:

Ikon Allah. Wato sai mun je Filifin za a koya mana sanda? Ni kakana har ya rasu a rugarmu ta wajen Basawa ba a taɓa ganinsa ba sanda a kafaɗa ba, kuma ba shi da tumbi ko na misali. Sai dai fa ba sandar ce ta hana shi tumbi ba, bin shanu ne tun safe har faɗuwar rana. Malam Tela, in zufa kake so zo in ba ka garke na sati guda, kyauta.

Ban da wasa, shawara ɗaya zan ba ka. Ka san yadda gari yake da maganar 'yan sara-suka. Kar ka fito titi da asuba riƙe da sanduna biyu a fili, 'yan sintirin unguwa ba za su tsaya jin sunan Filifin ba. Ka sa su a buhu ko jaka, ka yi abinka a tsakar gida ko soro. In kuma za ku taru ku fi uku a wani fili, a fara gaya wa mai unguwa.

Maman_Haidar ta amsa:

Sannu Yaya Tela, Allah Ya ƙara lafiya. Ni aikina gashin ƙashi ne, teloli da direbobi da masu aikin ofis su ne rabin waɗanda nake gani kullum, ciwon baya da wuya. Ban taɓa riƙe sandar nan ba, na dai je na kalli bidiyon bayan na karanta tambayarka, don haka a kan jiki zan yi magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Minti 30 ke nan sau 5. Matsakaici shi ne numfashinka ya ɗaga amma kana iya magana. Wasan sandan zai shiga wannan lissafi matuƙar ka bi abin da Direban Jidda ya ce na taku. Kuma na ga alherinsa ga mai sana'arka, wuni kake a duƙe kafaɗu sun rufto gaba, wannan kuwa buɗe ƙirji yake yana juya gadon baya, ga hannun hagu da zai farka daga barci.

Amma Yaya, gaskiya ɗaya ce. Babu wani motsi da ke zaɓar kitsen ciki ya ƙona shi shi kaɗai, jiki gaba ɗaya yake raguwa, kuma kwano ya fi sanda tasiri a nan. In ka yi minti 30 kana zufa sannan ka zauna wurin mai shayi aka haɗa maka kauri da madara da sukari cokali 4 da rabin burodi, ka biya bashin da ka rage har da riba. Lemon kwalbar da ake sha a shago da rana shi ma a duba shi.

Tunda jininka ya fara hawa, kar ka riƙe numfashi lokacin sara, ka fitar da iska da kowane duka. Ka fara da minti 10, ka ɗumama wuyan hannu da kafaɗa kafin ka ɗauki sanda. Dukan taya da ƙarfi tun farko yana kawo ciwon gefen gwiwar hannu, mai naci ne, yakan ɗauki watanni. Gwiwarka ta dama kuma, in za ka juya ka ɗaga diddige ƙafar ta juya tare da kai, kar tafin ya kafe a ƙasa gwiwa ta murɗe. In ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri, ka ajiye sanda ka tafi asibiti a ranar. Kuma ranar komawa wurin likita tana nan, sanda ba ta soke ta ba.

Ɗan_Samaru ya amsa:

Baba Tela, ƙarin bayani kaɗan daga ɗalibi. Kar wani ya ce maka wasan 'yan daba ne. Tun 2009 dokar ƙasar Filifin ta ayyana arnis a matsayin wasan ƙasa, ana koyar da shi a makarantu, kuma an yi gasarsa a wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da Filifin ta karɓi baƙunci a 2019. A gasa hular kariya ake sawa. Mutanen Filifin kuma suna alfahari da Lapu-Lapu, sarkin da mutanensa suka kashe Majalan, baturen da ya jagoranci jiragen ruwan Sifaniyawa, a tsibirin Maktan a 1521. Cikin waɗanda suka yaɗa wasan a Amurka akwai Dan Inosanto, almajirin Bruce Lee. Da na fara ganin sunan na ɗauka ɗan Inusa ne na Sabon Gari.

In za a haɗu a Kwangila ina so a sa da ni.

Tela_TudunWada ya sake rubutawa:

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri. Na yi shiru ne don ban so in dawo da surutu ba tare da na gwada ba. Yau sati 7.

Ratan ɗin ban samu ba sai a sati na uku, wani mai kujeru ya sa aka taho min da guda 4. Kafin nan da fayif na fara. Na je Kwangila sau 3, Alhaji Direba ya ga riƙona ya yi dariya, ya ce na shaƙe sandar kamar almakashi, in sassauta, in kuma bar kamar faɗin yatsu 3 a ƙasan hannu. Alwatikar da allin ɗinki na zana ta a tsakar gida. Maman yara ta yi kwana 2 tana leƙe ta taga tana cewa tsufa ya zo da gardama, yanzu ita ke riƙe min waya tana duba minti. Na fasa mata tulu guda, na biya.

Abin da ban zata ba shi ne ƙidayar. Gudu ina farawa nake tunanin yaushe zan gama. Wannan kuwa hankalinka na kan ɗaya-biyu-uku, in ka saki tunani ya tafi kan kuɗin haya sanda ta tuna maka a gwiwar hannu, kafin ka farga minti 20 sun wuce riga ta jiƙe. Tafin hannuna ya yi bororo a satin farko, yanzu ya zama kanta. Hannun hagu har yanzu baƙo ne, a ƙidaya ta biyar yake ɓacewa kullum.

Hajiya Maman Haidar, sukari ya koma cokali 1, burodin dai muna tattaunawa. Tef ya ce 42, kuma na auna sau 2 ban ja ciki ba. Gwiwa ba ta yi magana ba sai ranar da na manta zancen diddige. Jikan Ardo, garkenka ya jira bayan sallah.

Tambaya ta ƙarshe ga Alhaji: ɗaya sandar ta fara zare a baki saboda taya, in naɗe ta da salatif ko in yanke inci guda?

Direban_Jidda ya amsa:

Naɗe ta da baƙin tef na masu wayarin, kar ka yanke, in ta gajarce tazararka za ta canja. Ka juya ta ka riƙa dukan da ɗaya bakin. Asabar ƙarfe 7, ka taho da Ɗan Samaru, hannun hagun nan naka za mu zauna a kai.