Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a tana da hurumin rikicin gona?

Assalamu alaikum, lauyoyi a taimaka min. Mun yi shari'ar gonar mahaifinmu marigayi da wani mai iƙirarin ya saya tun yana raye. Muka faɗi a Babbar Kotun Shari'a, muka ɗaukaka ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiharmu, Allah Ya ba mu nasara. Yanzu lauyansa ya ce hukuncin banza ne, wai sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya taƙaita kotun ga aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, ciniki kuwa sai Babbar Kotun Jiha. To ai gonar gado ce! Idan dokar jiha ta faɗaɗa hurumin kotun, ba ta isa ba? Kuɗinmu sun ƙare, damina ta ƙarato. Ina muka dosa?