Kalmar "fleet": tarin motoci ce ko saurin ƙafa?

Mai Fassara ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai wata kalmar Turanci da ta hana ni sakat tun makon jiya. Aikina fassarar labarai daga Turanci zuwa Hausa, shekara uku ke nan ina yi, kuma ba na jin daɗin sakin kalma ban san gindinta ba.

Ranar Talata aka ba ni labarin wani kamfanin jiragen sama, a ciki akwai jimlar "the airline grounded its entire fleet". Sai na rubuta cewa kamfanin ya dakatar da ayarin jiragensa. Editana ya dawo mini da takardar, ya ja layi ƙarƙashin "ayari", ya ce jiragen nan ai ba tafiya suke yi tare ba, ta ina suka zama ayari? Ya mayar da shi "dukkan jiragensa". Na karɓi gyaran, amma raina bai kwanta ba, domin tun ina makaranta abin da na riƙe shi ne "fleet" na nufin jiragen ruwa masu yawa suna tafe tare a teku.

Bayan kwana biyu sai ga labarin wasanni, an kira wani ɗan ƙwallo "fleet of foot". A nan kaina ya ɗaure. Idan "fleet of buses" tarin motocin bas ne, to wannan ai sai ya zama tarin ƙafa, kuma babu ma'ana a haka. Ƙamus ya nuna mini sauri ake nufi, na rubuta "mai zafin gudu", aikin ya wuce. Amma ina son in sani: kalma ɗaya ce ko biyu ne da suka yi kama? Yaushe ya halatta in ce ayari? Kuma "fleeting" da nake yawan gani, daga wane ɓangare ta fito? Allah ya saka da alheri.

Mai Kula da Tireloli ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni ba masanin harshe ba ne, amma kalmar nan tana rubuce a ƙofar ofishina, don sunan muƙamina ke nan, "fleet manager". Editanki ya yi daidai, bari in nuna miki da abin da nake gani kullum.

Kamfanin da nake wa aiki yana da tireloli 42. Yau da safe da na duba allo, biyar suna gareji hannun makanikai, uku ana yi musu juye da canjin taya, wasu suna layin lodi, sauran suna kan hanya, kowace da inda ta nufa. Babu biyu da ke bin juna. Duk da haka idan maigida ya tambaye ni halin da "fleet" ke ciki, 42 ɗin nan yake nufi gaba ɗaya, har da wadda ke kwance babu inji. Abin da ya haɗa su mai su ɗaya ne, littafin lissafinsu ɗaya, inshorarsu ma takarda ɗaya ce ta rufe su duka, ita ce ake ce wa "fleet insurance". Kowace tana da lambar da muka rubuta mata a ƙofa, daban da lambar gwamnati.

Ranar da kaya ya yi yawa muka tashi shida lokaci guda, suna bin juna jerin gwano, to wannan shi ne "convoy", wanda muke cewa kwamba ko ayari. Shi ayari ba ruwansa da wa ke da motar. Motarmu za ta iya shiga ayari da motocin wasu kamfanoni uku, su tafi tare, su isa, kowa ya kama gabansa, ayari ya watse. Amma motata ko a ina ta kwana tana cikin "fleet" ɗina.

Idan ina yi wa sababbin direbobi bayani nakan ce su ɗauke shi kamar garke. Shanun mutum garkensa ne, ko suna kiwo a warwatse ko suna kwance a turke. Sai dai ban ce ki rubuta "garken jirage" a labari ba, kunne ba zai karɓa ba. "Jiragen kamfanin" ko "motocin kamfanin" ya wadatar, domin wannan "-n" ta mallaka ta riga ta ɗauke nauyin da kalmar Turancin ke ɗauke da shi.

Tsohon Malamin Turanci ya amsa:

'Yata, tambayarki ta yi mini daɗi, don shekara talatin na yi a aji, ɗalibai kaɗan ne suka taɓa tsayawa a kanta. Alhaji ya gama da ɓangaren motoci, ba ni da abin ƙarawa. Ni zan kama ta asali.

Kalmar daga ruwa ta fito. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066, akwai aikatau "fleotan", ma'anarsa yin iyo ko tasowa a saman ruwa ana tafiya da kai. Danginsa ne "float" ta yau, haka ma "fliessen" ta Jamusanci, wato gudanar ruwa. Daga wannan aikatau aka sami suna "fleot", kuma abu biyu yake nufi a wancan zamani: abin da ke yawo a kan ruwa, wato jirgi, da kuma shi kansa mashigin ruwan, ƙorama ko bakin kogi inda yake haɗuwa da teku.

Ma'anar jirgi ce ta yi girma. Daga jirgi ta koma tarin jirage a ƙarƙashin shugaba ɗaya, shi ya sa abin da kika koya a makaranta ba kuskure ba ne, shi ne tsohon amfani. Jirage 11 da suka tashi daga Portsmouth ta Ingila a watan Mayu 1787 ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni, suka isa Ostareliya a Janairu 1788, har yau "First Fleet" ake kiran su. Waɗannan kam tare suka tafi, idan kin ce ayari ba ki yi laifi ba. Amma lura, ba tafiya tare ce ta ba su sunan ba, umarni ɗaya ne. Da motoci da jiragen sama suka zo, sai aka ɗora musu kalmar saboda suna da wannan siffa, mai su ɗaya, mai juya su ɗaya.

Ma'anar ƙorama kuwa ta mutu a baki, ta saura a sunayen wurare. Purfleet da Northfleet garuruwa ne a gefen kogin Thames. A cikin Landan akwai kogin Fleet, yana tasowa daga tuddan Hampstead ya faɗa Thames kusa da gadar Blackfriars, amma tuntuni aka rufe shi, yanzu ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Daga shi titin Fleet Street ya sami suna. Wannan ya shafe ki ƙwarai a matsayinki na mai aikin labarai: a titin nan manyan jaridun Birtaniya suka zauna shekaru aru-aru, har attajirin mai jaridu Rupert Murdoch ya kwashe nasa zuwa unguwar Wapping a 1986, sauran suka bi sahu suka watse. Jaridun sun tashi, sunan ya zauna. Idan kin ga an ce Fleet Street ta yi ca a kan firaminista, kada ki rubuta titi, ki ce jaridun Birtaniya.

Saura sauri. Abin da ruwa ya ɗauka ba ya tsayawa, yana sulalewa ya wuce. Ta haka aikatau ɗin ya karkata daga yin iyo zuwa shuɗewa da gaggawa, kuma daga nan "fleeting" ta fito. Abu ne da bai daɗe ba, ƙiftawa da bismilla ya ɓace: "a fleeting glimpse" gani ne na ɗan ƙiftawar ido, "a fleeting visit" leƙowa ce a tsaitsaye. Tsohon harshen mutanen Sikandinebiya ma yana da "fljótr", mai sauri, daga wannan tushen. To ga amsar tambayarki ta farko: a ƙamus kalmomi ne daban-daban, kowace da gurbinta, ɗaya suna, ɗaya siffa, amma kakansu ɗaya.

Yadda za ki rabe su a jimla ba wuya. Idan suna ce, za ki ga "a" ko "the" ko "its" a gabanta, kuma abin da ke bin "of" jam'i ne: "a fleet of taxis". Idan siffa ce babu komai a gabanta sai aikatau, kuma "foot" tilo ce. Wannan "of" ba ta tari ba ce, tana nuna ta wace fuska siffar ta shafi mutum, kamar a "hard of hearing", mai nauyin ji. Mu ma haka muke ginawa, mai kaifin basira, mai tsawon wuya. "Mai zafin gudu" da kika rubuta ta yi. Idan ɗan wasan kauce-kauce da saurin juyawa ake yaba masa, "mai zafin nama" ta fi zama.

Abu guda nake roƙonki. Siffar nan ta rubutu ce, tana da ƙamshin adabi, kuma ga mutum da dabba aka fi ba ta, ɗan tsere, doki, barewa. Bature ba ya kiran motarsa mai gudu da ita. Idan kin ga "fleet car", ba mota mai gudu ba ce ko kaɗan, motar kamfani ce. Na taɓa ganin an fassara ta a juye, kuma abin ya dame ni, don mai karatu ba shi da hanyar gane an ɓatar da shi.

Mai Fassara ta sake rubutawa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Alhaji, na gode, misalin tirelar da ke kwance babu inji shi ya warware mini. Amma ga wani abu da na tuna. Lokacin da aka hana jiragen Boeing 737 MAX tashi, na sha ganin "the global fleet" a labarai, alhali jiragen na kamfanoni ne barkatai a ƙasashe daban-daban. Ina mai su ɗaya a nan?

Ɗalibin Injiniya ya amsa:

Anti, kin taɓo inda ƙa'idar ta ɗan saki. A watan Maris 2019 aka dakatar da 737 MAX a duniya, bayan jirgin Ethiopian Airlines ya faɗi ranar 10 ga watan, kusan wata biyar bayan na Lion Air a Indonesiya. A wannan amfani abin da ya haɗa jiragen shi ne samfurinsu ɗaya, maƙerinsu ɗaya, kuma matsala ɗaya ake bincike a jikinsu. Mu a fannin injiniya haka ake amfani da ita sosai: duk na'urorin da ake lissafawa tare, ake kula da su tare. Har tashoshin nukiliyar Faransa ana ce musu "nuclear fleet", ga shi kuwa ko taku ɗaya ba sa motsawa. Na 737 ɗin ni zan ce "dukkan jirage samfurin 737 MAX da ke aiki a duniya".

Ki kuma kula da labaran soja. Amurka lamba take sa wa nata: "Fifth Fleet" hedikwatarta na Baharain, ta shida na Naples a Italiya, ta bakwai na Yokosuka a Japan. Rasha kuwa galibi da sunan teku take kira, kamar ta Bahar Aswad. Waɗannan rundunoni ne, da kwamanda da ma'aikata da yankin da aka damƙa musu, jirage suna shiga suna fita, rundunar tana nan. "Runduna ta biyar ta sojojin ruwan Amurka" ita ce fassarar. Idan 'yan jirage ne kaɗan ko ƙanana, "flotilla" za ki fi gani.

A kan abin da Baba ya faɗa game da "fleeting", Twitter ta taɓa fito da wani tsari a Nuwamba 2020 mai suna Fleets, saƙon da ke ɓacewa bayan awa 24. Daga ma'anar shuɗewa aka ɗauko sunan. A Agusta 2021 suka rufe shi.

Tsohon Malamin Turanci ya ƙara da cewa:

Madalla da yaron nan, ban san da zancen tashoshin nukiliya ba sai yau. 'Yata, tun da labaranku wani lokaci karanta su ake yi a ji, ki kula da furuci. Wasalin "fleet" dogo ne, a ja shi. Idan aka gajarce shi ya zama "flit", wata kalma ce daban, tsalle-tsallen tsuntsu daga reshe zuwa reshe. Kunnenki ya saba da irin wannan, shi ne bambancin dafa abu a wuta da dafa kafaɗar mutum. Kada kuma a haɗiye "t" ta ƙarshe, in an haɗiye ta sai a ji "flee", wato tserewa daga haɗari, ita kuma shuɗaɗɗen lokacinta "fled" ne.