Kabewa na ta fure, 'ya'yan na zubewa

Mai Lambun Bayan Gida: Salamu alaikum jama'a. Kaka ta kama, kabewa da kankana sun yi fure sosai, amma 'ya'yan da sun kai girman ƙwai sai su yi rawaya su faɗi. Taki ne ya gaza ko kuwa?

Baba Mai Amya: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka zargi taki, fita lambun tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe ka duba ko ƙudan zuma na shiga furen. Kabewa fure biyu gare ta, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta, namijin kuwa siririn kara kawai gare shi. In ƙwaro bai kwaso garin namijin ya kai wa macen ba, ƙullin nan ba zai girma ba. Furen kuma na yini ɗaya ne, da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe.

Malamar Gona: Gaskiyar Baba. In ka ga ƙwarin ba sa zuwa, yi da hannunka. Tsinko namijin da ya buɗe a safiyar, cire ganyen furen, ka goga tsinken mai garin a tsakiyar macen, ko'ina ya samu. Namiji ɗaya zai ishi mata biyu ko uku. Kada ka yi da jiƙaƙƙen fure, garin dunƙulewa yake. Kankana ta fi fitina, sai zuma ta ziyarci macen sau da yawa, shi ya sa ake ganin wata ta fito a karkace, gefe ɗaya ya cika ɗayan ya motse.

Mai Lambun Bayan Gida: To akwai waken maƙwabci kusa, ana yi masa feshin maganin ƙwari da safe.

Malamar Gona: Ai ka faɗi ciwon. Feshin safe daidai yake da lokacin kiwon zuma. Magungunan ƙwari irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin suna kashe ta nan take in sun taɓa ta. Imidacloprid kuwa shiga jikin shuka yake har cikin ruwan furen, don haka kada a sa shi ga abin da ke fure ko na dab da yi. In feshin ya zama dole, a bari sai dab da magariba, iska ta kwanta. Ruwan 'ya'yan darbejiya ya fi sauƙi a kansu: giram 50 na dakakken ƙwallo a lita ɗaya, ya kwana a jiƙe, a tace. Shi ma da yamma.

Alhaji Mai Riɗi: A ƙara da abin da zai jawo su. Layi biyu na riɗi a gefen lambu ya isa, zuma na son furensa ƙwarai. Ɗaɗɗoya ma a bar 'yan gindi su yi fure, a daina tsinke kansu duka. Mai magarya ko gawo a kusa kada ya sassabe su yanzu, da furensu zuma ke shiga rani.

Baba Mai Amya: Ruwa kuma, Alhaji. Faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa su ɗan fito saman ruwan don ƙudan zuma su samu wurin sauka, in ba haka ba nutsewa suke. A sauya shi duk kwana biyu saboda sauro. Kada a sa sukari, tururuwa za ta cika wurin. Sannan babban baƙin ƙwaron nan mai huda azara, a daina bugunsa. Shi ke girgiza furen tumatir da gauta har garin ya zubo, abin da ƙudan zuma ba ta iyawa.

Malamar Gona: In kuma furen duk maza ne, ba laifin ƙwari ba ne. Kabewa da maza take farawa, matan su biyo baya. Yawan takin yuriya ma ganye yake sa ta yi, fure ya ragu, sai a dakatar da shi.

Mai Lambun Bayan Gida: Allah ya saka da alheri. Maƙwabcin nan mai wake zan fara samu.