Wai me ya sa baƙar fatan Amurka ke kishin hip-hop kamar gadon uba?

Ɗan_Baiwa92:

Salam 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, na ce bari dai yau in kawo shi nan. Tun rigimar mawaƙan hip-hop Kendrick Lamar da Drake ta 2024 nake bin surutun mutane a X da YouTube, abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda baƙar fatan Amurka da yawa suka dage wai Drake ba nasu ba ne, ɗan ci-rani ne kawai a cikin harkar, har Kendrick ya kira shi ɗan mulkin mallaka a waƙa. To Drake ɗin nan fa babansa baƙar fata ne ɗan Memphis, mamarsa ce Bayahudiya 'yar Kanada, a Toronto ya tashi. In shi ba baƙi ba ne to wane ne baƙi? Kuma gambarar nan yanzu ina ne ba a yi, Koriya ana yi, Faransa ana yi, Birazil ana yi, me ya sa su suke riƙe da ita ƙam kamar wani zai ƙwace musu?

Tambaya ta biyu kuma wadda ta fi damuna, waƙar da daga zagi sai bindiga sai ƙwaya sai mata rabin tsirara, ita ce mutum zai bugi ƙirji ya ce ita ce asalinsa? Ba da wata manufa nake tambaya ba wlh, so nake in gane.

Tsohon_DJ:

Ƙanena ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, ka yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Fara da wannan. Kai in aka ce maka kai waye, ba sai ka yi dogon tunani ba, za ka faɗi yarenku, ka faɗi sunan kakanka, wataƙila har kakan kakanka. Su mutanen nan duk wannan aka yanke musu. Tun 1619 da aka sauke bayin farko a Virginia har 1865 da aka soke bauta, an raba su da harshe, an raba su da suna, sunan da da yawansu ke amsawa yau na ubangidan da ya mallaki kakanninsu ne, shi ya sa ma ɗan gwagwarmayar nan Malcolm X ya jefar da sunansa na Little ya saka X a wurin. To mutumin da aka yi wa haka, abin da ya ƙirƙira da hannunsa shi ne garinsu, shi ne yarensu. Kiɗa yana cikin manyan abubuwan.

Hip-hop kuma ba daga sama ya faɗo ba. Unguwar Bronx ta New York a shekarun 1970 kufai ce, an keta babbar hanya ta tsakiyar unguwar an tarwatsa gidajen dubban mutane, masu hali suka tsere, masana'antu suka rufe, masu gidajen haya suka koma cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, shi kansa birnin a 1975 saura ƙiris ya tsiyace. A cikin wannan tokar, ran 11 ga Agusta 1973, wani yaro ɗan asalin Jamaika, Clive Campbell wanda aka fi sani da Kool Herc, ya yi wa ƙanwarsa Cindy kiɗa a wani ɗakin taro da ke gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, ita kuɗin kayan komawa makaranta take nema. Dabararsa ita ce ya lura inda masu rawa suka fi haukacewa shi ne wurin da mawaƙi ya yi shiru ganga kaɗai ke tashi, sai ya samo faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wannan gaɓar daga wannan zuwa wancan. Shi kenan fa. Yaran da ba su da kuɗin gita ko piyano suka mayar da na'urar juya faifai kayan kiɗa.

Ka lura da kyau, wanda ya fara ɗan Jamaika ne, kuma 'yan Puerto Rico sun yi ruwa sun yi tsaki a rawar da zanen bango tun farko. Don haka maganar ba ta jini zalla ba ce.

Abin da ke sa su kishi shi ne sun taɓa gani. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Kiɗan rock and roll baƙaƙe irin su Chuck Berry da Little Richard suka kafa shi, amma wa aka naɗa sarki? Elvis, Bature. Akwai waƙar da baƙar mawaƙiya Big Mama Thornton ta ɗauka a 1952, Elvis ya maimaita ta a 1956, yau ka tambayi mutum goma tara za su ce tasa ce. A 2014 a Grammy aka ba Macklemore, Bature, kyautar kundin gambara mafi kyau aka bar Kendrick zaune, shi da kansa ya tura wa Kendrick saƙo cewa an yi masa fashi, ya kuma ɗora saƙon a Instagram. To da Drake ba cewa suke fatarsa ba ta yi baƙi ba, zarginsa suke yana zuwa Atlanta ya ɗebi salo, ya je Landan ya ɗebi wani, ya je wurin 'yan Jamaika ya ari harshe, in kasuwa ta tashi ya kaɗe rigarsa. Ko gaskiya ne ko sharri wannan kuma kowa da ra'ayinsa, ni dai ina jin waƙoƙinsa ba zan ɓoye ba.

Uwar_Biyu:

Yaya DJ duk na ji tarihin kuma ban musa ba, amma ka tsallake tambayarsa ta biyu kamar ba ka gani ba. Ni uwa ce. Tupac an kashe shi 1996 yana da shekara 25, Biggie 1997 yana 24, aka ce darasi ne. Ina darasin? Nipsey Hussle 2019, Pop Smoke 2020 yaro ɗan shekara 20, Takeoff 2022. Wace irin al'ada ce take cin 'ya'yanta haka? Kuma ba Turawa kaɗai ke sukar abin ba, tun 1993 C. Delores Tucker, baƙar mace da ta yi gwagwarmayar 'yanci, ta tashi tsaye kan yadda ake zagin mata a waƙoƙin nan, me ta samu? Zagi a cikin waƙa. Megan Thee Stallion aka harba a ƙafa a 2020, kotu ta kama Tory Lanez da laifi ta ɗaure shi shekara 10, amma ku je ku ga yadda maza suka yi mata ca a intanet kamar ita ce mai laifin. Sannan ku duba bidiyoyinsu da kyau ku ga wace kalar mace ake sawa a gaba, mai hasken fata mai dogon gashi, baƙa wuluk sai dai can baya in ma an saka ta. Mutum yana kukan wariyar launin fata yana yin tasa a cikin gida.

Lauyan_Gobe:

Hajiya maganarki a kan mata ba ni da ta cewa, gaskiya ce tsagwaronta. Amma batun ƙwaya da bindiga ina ganin an juya abin, waƙar ba ita ta kawo su unguwannin ba, ta same su ne a can.

A 1986 majalisar Amurka ta yi doka, in aka kama ka da giram 5 na hodar iblis irin ta dunƙule wadda ake kira crack, wadda ta fi yawa a unguwannin baƙaƙe saboda arha, ɗaurin shekara 5 ne ba sassauci. Irin ta gari kuwa wadda masu kuɗi ke shaƙa, sai ka kai giram 500 kafin ka sha wannan hukuncin. Abu ɗaya ne fa a asali, amma ninki 100. Sai 2010 Obama ya sa hannu aka rage zuwa ninki 18, ba a ma daidaita ba. Yaran da suka tashi suna ganin ana kwashe iyayensu maza da yayyensu zuwa gidan yari me kike so su rera, furanni? 'Yan ƙungiyar gambara ta N.W.A da suka yi waƙa kan cin zalin 'yan sandan Los Angeles, a 1989 FBI ta rubuta wa kamfaninsu wasiƙar nuna ɓacin rai. 1991 aka ɗauki bidiyon 'yan sanda suna jibgar Rodney King, 1992 kotu ta sallame su gari ya kama da wuta. Ashe yaran ba ƙarya suke ba.

Wani abin kuma da ya shafi fannina. Johnny Cash, mawaƙi Bature, ya rera cewa ya harbe mutum a Reno, ba wanda ya taɓa kai shi gaban alƙali, kowa ya san labari ne. Amma ɗan gambara in ya shiga hannu sai mai gabatar da ƙara ya ɗauko baitinsa ya karanta wa masu taya alƙali hukunci a matsayin shaida. Haka aka yi a shari'ar Young Thug a Atlanta, wanda aka kama a 2022 ya amsa wasu laifuka a Oktoban 2024 aka sake shi. Ban ce waliyyi ba ne. California dai a 2022 sai da ta yi doka ta taƙaita amfani da baiti a kotu.

Sannan ki tambayi kanki wa ke zaɓar waƙar da za a zuba wa kuɗi. Manyan kamfanonin waƙa uku ne suka riƙe kasuwar duniya, Universal, Sony da Warner, kuma ba yaran Bronx ke da su ba. Tun 2017 hip-hop da R&B suka wuce rock a yawan saurare a Amurka, baƙaƙe kuwa ba su fi kashi 14 cikin 100 na ƙasar ba, kin ga ke nan ba su kaɗai ke saye ba. Masu waƙar hankali suna nan, Kendrick ɗin nan har babbar lambar yabo ta Pulitzer ya ci a 2018, amma ɗan daba ya fi saurin shiga kasuwa.

Uwar_Biyu:

To ai ka faɗa da bakinka, kamfani ke cin riba su kuma suna binne 'ya'yansu. Ba wanda ya ɗora musu wuƙa a wuya ya ce sai sun sa hannu a kwantiragin.

Baƙon_Chikago:

Bari in sa baki tunda ina zaune a cikinsu, shekarata ta shida ke nan, karatu ya kawo ni. Ɗan_Baiwa tambayarka ta wane ne baƙi ita ce ta fi wuya. Ni ban san ni baƙi ba ne sai da na sauka ƙasar nan, da can ina da yare ina da addini ina da dangi, a nan aka miƙo min fom na ga akwati ɗaya aka tanadar mana ni da ɗan Haiti da jikan bayin Mississippi. Kuma ƙa'idarsu ta daɗe, wai ɗigon jini ɗaya na baƙi ya isa ya mayar da kai baƙi, Virginia har doka ta yi a kai a 1924. Da wannan ma'aunin Drake baƙi ne, Obama baƙi ne, ba gardama. Abin da suke rarrabewa shi ne launi daban, tarihi daban.

Na koyi wannan da ɗan zafi. Shekarata ta farko muna zaune da abokan aji ana jin waƙa ina bi, sai na faɗi kalmar nan tasu mai farawa da N, ai kowa ya san ta. Ɗaya ya yi dariya ya ce ba komai kai namu ne, ɗayan kuwa ya kashe waƙar ya kalle ni ya ce kakarsa ta ji wannan kalmar daga bakin mutanen da suka zo ƙona musu gida, ya ce ni kakata a ina ta ji ta? Wlh ban sami amsa ba. Tun ranar ban ƙara ba, ko ni kaɗai ne a mota.

Mu ma 'yan Afirka muna da namu laifin, da yawa suna zuwa da hoton da suka gani a bidiyo, suna musu kallon malalata 'yan ƙwaya, iyaye na hana yara yin abota da su. Alhali dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe mana ƙofar ƙasar ta biyo bayan gwagwarmayar da su suka sha duka da cizon karnuka a kanta. Su ma wasunsu suna mana gori wai mun zo cin abin da ba mu shuka ba. Amma ɗan sanda ba ya tambayar wannan. Amadou Diallo ɗan Gini ne, ɗan kasuwar bakin titi, a 1999 a ƙofar gidansa a Bronx ɗin nan dai 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41, walat ya ciro daga aljihu.

Malam_Shiru:

Abin da ban ga kowa ya ambata ba shi ne Musulunci a cikin harkar. Mos Def ya koma Yasiin Bey, Lupe Fiasco Musulmi ne, Q-Tip ma ya musulunta. Sai dai a yi hattara, wasu kalmomin da za ka ji a bakin su Wu-Tang na ƙungiyar Five Percent ne da Clarence 13X ya kafa a 1964 bayan ya bar Nation of Islam, aƙidarsu daban take sam, kar ka ji an ambaci Allah ka ɗauka irin naka ake nufi.

Ɗan_Baiwa92:

Kai na gode ƙwarai, ban zaci zan samu haka ba. Baƙon_Chikago labarinka ya tsaya min a rai. Amma har yanzu ina tare da Hajiya a rabin maganar, don na kalli wasan da Kendrick ya yi a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, a Fabrairun 2025, ga Samuel L. Jackson cikin kayan Uncle Sam, alamar gwamnatin Amurka, ga masu rawa sun jeru kamar tutar Amurka, saƙo iya saƙo, amma inda filin ya fi ɗaukar ihu shi ne wurin da yake yagar baƙin ɗan uwansa Drake. Yaya DJ wannan fa?

Tsohon_DJ:

Hhhh ƙanena gasar baki tun ranar farko tana cikin abin, tun ana yi a filin wasan yara da sifika a jingine da fitilar titi. Ni ma na yi ihun a ɗakina, madam har ta leƙo ta ga ko lafiya.