Ƙanena mai sikila ya kamu da allurar Penta, ina za mu kai shi?

Hadiza Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a rufa mana asiri. Ƙanena ne mai sikila, shekararsa 23. Tun hunturun bara da ciwo ya kwantar da shi ake yi masa allurar Penta, wato pentazocine mai kashe raɗaɗi, yanzu shi yake yi wa kansa. Jiya Hajiyarmu ta ɗaga katifarsa ta tarar da sirinji da fasassun kwalabe a cikin ledar burodi. Cinyarsa ta yi tauri kamar icce, har gyambo ya ɓalle. Baffanmu ya ce a kai shi gidan mari. Ina ya kamata mu nufa?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kawai.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya yaye masa, ya ba Hajiya haƙuri.

Garba Kurna: Hadiza, don girman Allah kada ku kai shi mari. Ni ganau ne. Ɗan yayana yana jan adaidaita, ya faɗa shan Tramol, muka yi taron dangi muka kai shi wani gida a bayan gari, muka biya kuɗin wata huɗu. Ranar da na je dubiya na same shi a tsakar gida, an haɗa ƙafarsa da ta wani yaro da ƙarfe ɗaya, idon sawun ya ɗaye yana ruwa, ƙuda na bi. Ya kalle ni ya ce Kawu ka tafi da ni. Na ce ka daure, gyara ake yi maka. Har yau maganar nan tana ci na. Da ya fito kowa na barka, ya yi shiru-shiru, aka ce ya shiryu. Ko sati uku bai cika ba ya koma, ya sha adadin da ya saba sha a da, jikin kuwa ya riga ya manta, sai jijjiga a bakin titi, kumfa a baki. Da ƙyar aka ceto shi. Sai a gadon asibiti wata likita ta zauna ta tambaye shi abin da mu duk ba mu taɓa tambaya ba, wai me ya sa kake sha? Ashe balas ne. Mai mashin yana jiran kuɗinsa kullum, ga bashin gyara, shi kuma ba ya iya kaiwa dare yana tuƙi sai da ƙwayar. Mun ɗaure ƙafa mun bar bashin yana jiran sa a ƙofar gida. Kuma ai kun tuna abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum ɗaruruwa a cikin sarƙa, har nan Kano gwamnati ta ce a rufe irin gidajen. Shi ɗan yayana mai lafiya ke nan. Mai sikila kuma a kwantar da shi a siminti cikin sanyi? Kashe shi za a yi.

Alhaji Sabo: Garba ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda suka shiryu a can.

Garba Kurna: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ni abin da idona ya gani na faɗa.

Sista Rabi: Yanzu na sauka daga aiki. Hadiza, abu biyu ne a jikin yaron nan, kada a kama ɗaya a saki ɗaya. Ciwon gaskiya ne, sabon da jiki ya yi da allurar shi ma gaskiya ne. In kuka ƙwace rana ɗaya za ku ga gumi, hamma, majina, murɗawar ciki da gudawa, ba barci, kuma wannan wahalar da bushewar jiki suna iya tayar da sikilar. A hankali likita yake ragewa yana musanya wani maganin. Ku fara da likitan jini da yake ganin sa, ku faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye, shi zai haɗa ku da na ƙwaƙwalwa. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suna da ɓangarorin biyu a waje ɗaya. Ku tambaya ko ya dace a ɗora shi a kan Hydroxyurea, yana rage yawan tashin ciwon. Gyambon kuma a duba shi cikin satin nan, Penta tana cin nama ne a inda ake yawan soka ta.

Hadiza Gwale: Na gode Sista. Rabonsa da zuwa ganin likita ya fi shekara. Cewa yake sun gaji da shi.

Ummi: Anti Hadiza ni ma sikila ce, bari in faɗa miki abin da yake nufi. Ka je asibiti ƙarfe biyun dare kana jin kamar ana daka ƙashinka a turmi, ka ambaci sunan maganin da ka san yana yi maka, sai a kalli juna a ce wannan 'yar allura ce. Sau biyu aka yi mini haka na daina zuwa, na koma wajen mai kemis ɗin layinmu, shi ba ya tambaya. Daga baya ba ciwon ne yake sa ka yi ba, tsoronsa ne. Da ka ji sanyi ya kaɗa, ko ranka ya ɓaci, sai ka ce bari in riga shi. Ni abin da ya taimake ni, Yayana ya daina binciken jakata, ya koma raka ni asibiti yana zama a layi tare da ni.

Maman Ilham: Allah sarki Ummi. Wallahi ban taɓa sani ba.

Hadiza Gwale: Kin taɓo wajen. Tun da ya bar makaranta a aji biyu saboda yawan kwanciya, yarinyar da yake nema kuma iyayenta suka ce a'a, ɗaki kawai yake wuni.

Malam Nura: Shi ya sa na yaba dokar gwajin kafin aure da Gwamna Abba ya sa wa hannu a 2024. Da iyaye suna gwada jini tun da, da ba a kawo nan ba.

Hadiza Gwale: Malam, iyayenmu sun yi aure ba a san wani gwaji ba. Babanmu ma ya rasu. Yanzu in je in ce wa Hajiya laifinta ne?

Malam Nura: Subhanallah, ba haka nake nufi ba. Allah ya jiƙansa. Ina maganar na baya ne.

Alhaji Sabo: Gwajin ma mutum nawa ne ke sayen takardar bogi.

Malam Nura: Wannan kuma tsakaninsu da Allah. Amma shaye-shaye ya wuce gida ɗaya. Binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar aka hana kodin bayan rahoton BBC, yara suka koma wani abin.

Baban Khalifa: Ni dai shayi na tsaya.

Garba Kurna: Kofi bakwai a rana? Kai ma Dawanau za mu kai ka.

Baban Khalifa: A zo da burodi.

Hajiya Talatu: Akwai wani mai magani a Kurmi, sassaƙe yake bayarwa, jikar maƙwabciyata ta sha ta daina tashi da daddare.

Sista Rabi: Hajiya a yi haƙuri, ƙodar mai sikila ba ta son gwaji. Addu'a dai a dage, a bar shi da ruwa da yawa da rigar sanyi da gidan sauro.

Hadiza Gwale: To Baffa fa? Shi ne a madadin uba, kuma ya riga ya yi magana da mutanen can.

Garba Kurna: Tura mini lambarsa ta gefe. In ya yarda zan zo bayan la'asar gobe, ni da yaron nawa, ya ga tabon ƙafar da idonsa.

Ummi: Anti, kafin nan ku tambayi shi mai jikin wa yake so ya raka shi.

Hadiza Gwale: Ba ya yi mini magana tun jiya. Zan gwada ta wajen abokinsa.

Maman Ilham: 'Yan adashi, saura mutum uku ba su turo na wannan satin ba.