Kuloci na zamewa bayan an ƙara wa inji ƙarfi: wane faranti da fulawil zan sa?

Mai_GTI:
Assalamu alaikum masana. Golf GTI Mk7 ce mai giyar hannu shida. An taɓa manhajar injin, ƙarfin murɗawa ya tashi daga Nm 350 na kamfani (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa) zuwa wajen 440. Yanzu in aka sa giya biyar ko shida aka take totur a juyi 2,500, allurar juyi sai ta yi sama, gudu kuwa yana nan inda yake. Motar hawan kullum ce, filin tsere sai jefi-jefi. In bar fulawil ɗin kamfani (faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa) mai ɓari biyu, ko in koma dunƙulalle mara nauyi? Kuma wane irin farantin kuloci?

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Kulocinka ya gaza, kuma ka daina take ta a babbar giya daga yau, don zafin zamewar nan fulawil yake ci.

Da ƙarfin murɗawa ake zaɓen kuloci, ƙarfin doki ba ruwansa a nan. Ɗora kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kan abin da injin ke bayarwa: mai 440 ya nemi wanda aka rubuta masa 530 zuwa 570. Amma ka tambayi wanda ya auna motar, a taya ya auna ko a karanshaf, wato sandar injin da ke juya fulawil? Lambar taya ta fi ƙanƙanta, masu ƙera kuloci kuma galibi ta karanshaf suke rubutawa.

Kada ka zarce haka da yawa. Furesha filet, wato murfin da ke matse faranti a jikin fulawil, in mai tsananin matsi ne, yana taurara feda, sannan duk takawar da ka yi karanshaf yake turawa gaba, nauyin ya faɗa kan siririn boris ɗin da ke tare shi. Wannan mota ba ta tashi sai an taka kuloci, wato lokacin da man inji bai riga ya zagaya ba. In boris ɗin nan ya cinye, magana ta bar kuloci ta koma sauke inji.

Faranti kuwa, ɗauki mai cikakkiyar fuska na oganik mai jure zafi, da furesha filet da aka ƙara wa matsi daidai gwargwado. Na siramik mai kunnuwa huɗu ko shida ya fi riƙo, sai dai bai san lallaɓawa ba: ko ya kama ko ya saki. A cunkoso motar za ta riƙa fizga, kuma yana ƙarce fuskar fulawil. Na Kevlar yana daɗewa, amma in ya ƙone sau ɗaya ya yi sulɓi, ba ya dawowa.

Injiniya_Turbo:
Gaskiyar Baba ce. Bari in ɗora a kan fulawil, don nan aka fi yin nadama.

Mai ɓari biyu ƙarafa biyu ne da sifirin a tsakani. Inji mai silinda huɗu bugu biyu yake yi a kowane juyi, sifirin ɗin ne ke shanye bugun kafin ya isa giyabos. In ka sa dunƙulalle, za ka ji haƙoran giya na kaɗawa a silo, kacau-kacau, musamman in an kunna AC, ka taka kuloci ƙarar ta ɗauke. Ba lalacewa ba ce, amma kullum da ita za ka zauna. Ribarsa: juyi na hawa da sauka da sauri, ba shi da sifirin da zai gaji. Ƙarfin injin bai ƙaru ba ko kaɗan. Mai tsananin rashin nauyi, irin na alminiyam, yana sa mota mutuwa wajen tashi, balle a hawa.

Ka'idar da ba a karyawa: dunƙulallen fulawil sai da faranti mai sifirin a cibiya. Sandararren faranti na mai ɓari biyu ne. Ka haɗa dunƙulalle da sandararre, duk bugun nan a giyabos zai ƙare.

A 440 da hawan kullum, ni ina ganin sabon mai ɓari biyu na kamfanin LuK ko Sachs ya wadatar.

Mai_GTI:
Na gode. To tsohon fa, ba za a kai shi a goge fuskarsa a mayar ba?

Injiniya_Turbo:
A'a ɗan'uwa. Mai ɓari biyu ba a saba wanke masa fuska ba, garin ƙarfe na shiga cikinsa. In an sauke, duba shuɗin tabo na ƙuna, da giris da ya tsattsafo daga ciki, sannan ka murɗa ɓarin sama hagu da dama, ka kuma girgiza shi, ka ga ko ya saki da yawa. Wanda kuloci ya daɗe yana zamewa a kansa, canja shi kawai.

Mai_Sifana:
Tunda za a sauke giyabos, a gama komai lokaci guda. Rilis boris, wato boris ɗin da ke sakin kuloci in an taka feda, a wannan mota haɗe yake da silindar man kuloci a cikin ƙoƙon giyabos, in ya yi yoyo daga baya sai an sake kwance komai. A sa sabo. A duba oyil sil na bayan karanshaf, digo kaɗan ya isa ya kashe sabon faranti.

Ƙusoshin fulawil masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaure su: sababbi, da ma'aunin ɗauri na littafin kamfani, sannan ƙarin juyin kusurwa da ya ce. A goge fuskar fulawil da furesha filet da feshin wanke birki, don da man hana tsatsa suke zuwa. Gefen farantin da aka rubuta wa "Getriebeseite" shi ke kallon giyabos. A saita shi da sandar saiti, a ɗaure furesha filet kaɗan-kaɗan, ƙusa ɗaya sai wadda ke fuskantarta. Giris ɗan shafawa kawai a haƙoran shaf. Sai a fitar da iska da man birki DOT 4, tanki ɗaya suke sha da birki, kada a bari ya yi ƙasa.

Bayan nan kilomita 800 na tuƙin cikin gari, tsaya-tashi, ba take totur, ba tashin tsere. Doguwar hanya a giya shida ba ta shiga lissafi, don ba a taɓa fedar kuloci.