Ƙarar injin kafe: abin da na tsinta a fadarmu

Daren jiya a fadarmu da ke unguwar Bukoki, nan Yamai, na kawo kukan injin kafen gidana, wanda ke ruri kamar tsohon babur har yana tada yara da asuba. Shayi bai kai zagaye na biyu ba shawarwari suka yi yawa.

Wani dattijo mai gyaran firji ya ce: "Ƙanena, fara sauraron irin ƙarar." In gurnani ne mai kaushi kuma ruwa ba ya fita, iska ce ta shiga famfon ciki. A cika tanki, a zaunar da shi daidai, a bar ruwa ya zuba ba kafe har sautin ya lafa.

Inda aka fi daɗewa shi ne farin dattin nan da ruwa ke bari, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Yana toshe bututu, famfo ya yi ta wahala. Magani: cokali 2 na garin tsamin lemu, wato asid sitirik, a lita 1 na ruwa, a bi da shi cikin injin, sannan a ɗauraye sau 2 ko 3. Wasu sun ce binegar ma tana yi. Ni warinta ya hana ni.

In injin yana niƙa da kansa kuma ka ji ƙas-ƙas, tsakuwa ce cikin ƙwayar kafen, cire waya daga soket kafin ka sa hannu.

Nawa dai kofuna ne a kansa suke kaɗawa bisa teburin ƙarfe. Na shimfiɗa tawul ƙarƙashinsa, rabin ƙarar ta tafi.